Ashe da kwabona aka gina filin nan na Gwinnett

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a waje nake yau. Bari in juya kyamara. Kun ga allon can na bakin filin wasan yara? An rubuta cewa da kuɗin SPLOST aka gina wurin nan. Wallahi tun da na karanta nake ta murmushi ni kaɗai, don ashe da kuɗina a ciki. Ni fa, ɗan Fagge, ina da kaso a filin ƙwallo a Amurka! Dubi ciyawar nan don Allah. Dubi fitilu.

Wani zai ce mene ne kuma SPLOST. Haraji ne na kwabo ɗaya a kan kowace dala da ka kashe a kanti. Tun 1985 jihar Jojiya ta yi dokar, ta ba gundumomi damar karɓarsa, amma fa sai mutanen gundumar sun kaɗa ƙuri'a sun ce sun yarda. Kuma yana da wa'adi, shekara biyar ko shida. In wa'adin ya cika shi ke nan, ya mutu, sai hukuma ta dawo ta sake roƙon jama'a. Kafin ranar ƙuri'a dole ta bayyana abin da za ta yi da kuɗin: titi ne, gada ce, ɗakin karatu ne, ofishin 'yan kwana-kwana ne. Ba a biyan albashi da shi, gini ne kawai da kayan aiki, abin da ido zai gani hannu ya taɓa.

Mu nan gundumar Gwinnett a watan Nuwamba na 2022 aka sabunta shi. Ya fara aiki a Afrilun 2023, na shekara shida, kuma ana sa ran zai tara kusan dala biliyan 1.35. Kar wanda ya ce in juya masa zuwa naira, ba na son ciwon kai da rana tsaka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wai hukuma ce ke zuwa neman izini. Babanmu, Allah Ya ji ƙansa, har ya koma ga Allah yana ba mu labarin murnar da aka yi a Kano lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau gwamna a 1979. A wurinsu haraji abin gudu ne. Yanzu ma ana cirar VAT kashi 7.5 cikin ɗari a gida tun 2020, amma wa ya taɓa tambayarka ko ka yarda? To nan mutum da ƙafarsa yake zuwa ya dangwala wa haraji. Da Baba na raye na ba shi wannan labari, cewa zai yi Turai ta taɓa min kai.

Amma kar daɗin ya ɗebe ku. Kai da kake shirin zuwa, farashin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba. Ka ga takalmi dala 50, ka je wurin biya a ce maka 53. Ba cuta ba ce, kar ka tsaya musu da yarinyar kanti kamar kana Kantin Kwari. Kashi 6 ne a nan: 4 na jiha, 1 na SPLOST, 1 na gine-ginen makarantu. Kana shiga cikin birnin Atlanta ya koma 8.9. Shi ya sa in zan sayi waya ko talabijin ba na tsallaka iyakar gundumarmu. Bakano ne ni, ba a koya min lissafi.

Inda abin ke ɗan sosa min rai, kayan abinci. Jiha ta yafe nata kashi 4 a kan cefane, amma na gunduma yana nan daram. Ke nan mai wankin kwanuka da likita abu ɗaya suke biya a kan buhun shinkafa. Cefanen ma ya yake? Ɗan ƙullin kuka da bai cika tafin hannu ba na ba da dala biyar a shagon 'yan Afirka, ga shi ta kwana biyu, ƙamshin ya gudu. Hajiya, in kina kallo, a sa min daddawa da yaji a hannun duk wanda zai taho.

Kuma ba kullum mutanen gundumar suke cewa e ba. A Nuwamban 2024 an kawo musu wani harajin kwabon na motocin bas na haya, na shekara 30, suka yi fatali da shi. Wannan ya yi min ciwo, don duk baƙon da ya sauka nan ba mota ya san azabar jiran bas. Su masu ƙuri'ar kusan kowa da motarsa a ƙofar gida.

Ni kuwa ko uffan ba ni da ikon cewa. Ina biya, ba na zaɓe, tunda ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. A nan zan ja kunnenku da babbar murya. Za ku ga masu rajistar zaɓe a bakin kanti ko wurin taro, da fara'arsu, su miƙo maka takarda. In katin zama kawai gare ka, kar ka sa hannu. Laifi ne babba, yana iya jawo a hana ka zama ɗan ƙasa, har a tasa ƙeyarka gida. Ka ce musu na gode, ka yi gaba abinka.

Bari in tsaya nan, La'asar ta kusa kuma akwai cunkoso a titin I-85. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.