Idan Ba'amurke ya ga Bigfoot a bayan gidansa, zai kira 'yan sanda kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Amurka zamu leƙa, can arewa maso yammacin ƙasar wajen jihohin Washington da Oregon da arewacin Kalifoniya har a tsallaka British Columbia ta Kanada, yankin da daji yake da duhu sosai, itatuwa dogaye, ruwan sama kusan kullum. A can ne aka fi labarin Bigfoot, wasu suna ce masa Sasquatch. Masu cewa sun ganshi suna siffanta shi da wani abu kamar goggon biri amma a tsaye yake tafiya da ƙafa biyu, gashi ya rufe masa jiki gaba ɗaya, tsayinsa ƙafa bakwai zuwa takwas, wasu har su ce wani irin wari yake tashi in ya wuce. Har yau ɗin nan ba'a kama ko ɗaya ba, ba gawa ba ƙashi.

Toh ni yau ba muhawarar akwai shi ko babu shi na kawo ba. Abinda nakeso mu duba shine, a ce ba cikin ƙungurmin daji ba, a ce gefen gari ne, bayan gidan mutum wajen da yake ajiye shara ko bakin titin da yara suke bi zuwa makaranta, ya hangi abu irin wannan da daddare. Zai ɗauki waya ya danna 911 ya kira 'yan sanda ko zai yi gum da bakinsa?

Amsar farko dai eh, ana kira, kuma an sha kira. A watan Mayun 1971 a wani ƙaramin gari Fouke dake jihar Arkansas wasu iyali da basu daɗe da tarewa a gidan ba suka kai rahoto cewa wani abu mai gashi ya zuro hannu ta taga matar gidan tana kwance, mazan suka fito da bindiga suka yi harbi, ɗaya daga cikinsu ma sai da aka kaishi asibiti a Texarkana saboda ƙujewa da firgici. Jami'ai sun zo sun duba basu ga jini ba. Shekara ɗaya bayan nan a watan Yulin 1972 sai ga wani a jihar Missouri, a garin da ake kira Louisiana bakin kogin Mississippi, yara suka ce sun ga wani baƙin abu tsaye a gindin tsauni kusa da gidansu, magana ta kai ga shugaban 'yan sandan garin ya haɗa mutane kusan 20 aka bi tsaunin ana nema, ba'a samu komai ba.

Wanda yafi ɗaukar hankalina shine na Whitehall a jihar New York, watan Agustan 1976. Wasu samari ne suka ga abu a gona gefen wata hanya da ake kira Abair Road suka garzayo gari suka sanar da 'yan sanda, aka je. Sai kuma ya zamana ɗaya daga cikin 'yan sandan garin, Brian Gosselin, shima ya ce ya ganshi da idonsa a wajen ya haska shi da fitila. Mutumin nan ɗan sanda ne fa, da kaki da bindiga, wanda in ya tsaya a kotu ya bada shaida za'a karɓa, amma akan wannan maganar dariya aka dinga masa, kuma daga baya ya sha faɗin haka da bakinsa. Toh in ɗan sanda bai tsira ba ina ga direban babbar mota ko malamar firamare.

Idan kuka lura duk waɗannan da suka kira hukuma abu ɗaya ne ya haɗasu, tsoro. Abin ya matso gida ko ya matso yara. Lokacin da mutum yake jin rayuwarsa na cikin haɗari baya tsayawa lissafin me maƙwabta zasu ce. Amma wanda ya hango abu ya gilma ta gaban motarsa cikin daƙiƙa biyu ya shige daji, ba'a taɓa shi ba ba'a taɓa dukiyarsa ba, wannan sai ya fara tunani. Me zan ce musu? Kuma kunsan a Amurka kiran 911 ana naɗarsa, a jihohi da yawa ɗan jarida zai iya nema a bashi faifan, gobe kaji muryarka a gidan rediyo ana ta sakawa ana shewa. Ga tsoron a ce ka sha giya ko ka sha ƙwaya, ga wajen aiki, ga kuma doka domin kai rahoton ƙarya ko wasa da layin gaggawa laifi ne da ake hukuntawa. Duk wanda ya auna wannan zai ga shiru yafi masa sauƙi.

Akwai wani faifan murya da ya daɗe yana yawo a intanet, ana cewa kiran 911 ne daga jihar Washington a shekarun 1990. Mutum ne a ruɗe yana roƙon a turo masa jami'i, yana cewa ga wani ƙato baƙi ƙirin tsaye a farfajiyar gidansa yana kallonsa ta taga. Masu imani da Bigfoot suna kafa hujja da shi sosai, amma ni abinda na ɗauka a ciki daban ne, mutumin bai ambaci sunan Bigfoot ba, ana tambayarsa mutum ne ko dabba yana ta kewaye-kewaye. Ina ganin haka mafi yawan masu kira suke yi. Zasu ce akwai wani mutum yana zagaya gidana, ko na ga beyar, ko wata babbar dabba ta tsorata min kare, saboda sun san da wannan kalmar za'a turo mota, da kalmar Bigfoot kuma ƙila a ɗauke su mahaukata. Kenan ko ka buɗe kundin 'yan sanda kana neman sunan Bigfoot bazaka ga adadin gaskiya ba, rahoton ya shige ƙarƙashin wani suna.

Su kuma waɗanda basu kira ba ina suke kai labarin? Akwai ƙungiyar masu binciken Bigfoot mai suna BFRO da wani Matt Moneymaker ya kafa a 1995, suna da rumbun rahotanni dubbai a shafinsu, jihar Washington ce kan gaba. A can mutum zai rubuta abinda ya gani ba tare da an buga sunansa ba, wani ɗan sa kai ya kirashi a waya ya saurare shi. In ka karanta zaka ga da yawa sai bayan shekara goma ko ashirin suke faɗa. Kuma mutanen ba kaɗan bane, binciken jin ra'ayi da Jami'ar Chapman ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a Amurka ya yarda akwai Bigfoot. Matsalar kawai itace wanda zai saurareka a can ya riga ya yarda tun kafin ka buɗe baki, ba lallai ya tsaya ya tambayi ko wani ɓarawo ne yake leƙen gidanka ba.

Yanzu bari mu yiwa 'yan sandan adalci, suma suna da dalilin ɗaga gira. Sunan Bigfoot ɗin kansa a 1958 ya bazu, lokacin da wani direban katafila Jerry Crew ya ga manyan sawaye a wajen aikin hanya a Bluff Creek ta Kalifoniya jaridar Humboldt Times ta buga. Da ɗan kwangilar aikin Ray Wallace ya rasu a 2002 sai iyalansa suka fito da ƙafafun katako da aka sassaƙa suka ce da su ya dinga buga sawun. Sannan a watan Agustan 2008 mutum biyu a jihar Jojiya suka ce suna da gawar Bigfoot a firiza, har taron manema labarai aka yi a Kalifoniya duniya ta ɗauka, da ƙanƙara ta narke sai ga rigar roba. Abin takaicin ɗaya daga cikinsu, Matt Whitton, ɗan sanda ne, kuma korarsa aka yi daga aiki. Bayan irin wannan wane jami'i ne zai so a ga sa hannunsa a ƙasan rahoton Bigfoot?

Ɓangaren gwaji ma haka. A 1976 wani mai bincike Peter Byrne ya aikawa hukumar FBI silin gashi 15 da ɗan guntun fata, suka gwada suka ce na barewa ne, takardun sun fito fili a 2019. A 2014 Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka gwada DNA na samfurin gashi 30 da aka turo daga ƙasashe daban daban da sunan irin waɗannan halittun, duk suka fito na dabbobin da aka sani, beyar, doki, saniya, kare, har da na mutum. Sai kuma binciken Floe Foxon da ya fito a mujallar Journal of Zoology a 2024, ya haɗa alƙaluman rahotanni da yawan baƙin beyar a jihohin Amurka da Kanada, ya ga duk ƙarin beyar 1,000 yana tafiya da ƙarin rahoton kusan kashi 4 cikin ɗari. Shi baƙin beyar yana miƙewa tsaye da ƙafafun baya, kuma yana shigowa gefen gari da daddare neman abinci a kwandon shara, daidai wajen da muke magana akai.

Toh nan ne fa nake ganin shirun yake da illa. Mu ɗauka ma babu Bigfoot kwata kwata, ai mutumin nan wani abu ya gani. In beyar ne ya saba da shigowa unguwa ya kamata ma'aikatan kula da namun daji su sani kafin ya haɗu da yaro. In mutum ne yake laɓewa bayan gidajen jama'a ƙarfe biyun dare wannan aikin 'yan sanda ne kai tsaye. Ku dubi abinda ya faru a Zanesville ta jihar Ohio a watan Oktoban 2011, wani mai kiwon namun daji ya buɗe kejinansa dabbobi kusan 50 suka fito, zakuna 17, damisar Bengal 18, da beyar da kyarkeci. Maƙwabta suka kira nan take, jami'ai suka zo kafin gari ya waye an harbe yawancinsu, an rufe makarantu, dabbobin basu kashe kowa a cikin gari ba. Zaki a jihar Ohio ai shima abin mamaki ne, amma wanda ya ce na ga zaki baya tsoron a ce ya zare, shi yasa ya kira da wuri.

Akwai kuma haɗarin da yafi wannan, wato bindiga da masu shigar burtu. A watan Agustan 2012 kusa da Kalispell a jihar Montana wani mutum ɗan shekara 44 ya saka irin rigar ɓuya ta sojoji mai kama da ciyawa ya tsaya kan babbar hanya mai lamba 93 da daddare, niyyarsa mutane su ganshi su ce sun ga Bigfoot. Motoci biyu suka bugeshi ya mutu nan take, kuma masu tuƙin 'yan mata ne, ɗaya shekara 15 ɗaya 17, su da zasu rayu da wannan abin har ƙarshen rayuwarsu ba laifinsu ba. A 2018 ma a Montana ɗin dai kusa da Helena wani ya kai ƙara cewa an harbo harsashi kusa dashi a daji, da ya tunkari maharbin sai yace masa ya ɗauka Bigfoot ne. Irin wannan haɗarin ne yasa tun a 2017 da aka yi ta yaɗa an ga Bigfoot a North Carolina 'yan sandan Greenville dake maƙwabciyar jihar South Carolina suka rubuta a Facebook cewa dan Allah duk wanda ya ganshi kar ya harba, daga baya kuwa wani mutum ya fito yace shine yake yawo a dajin sanye da fatun dabbobi.

Wannan tunanin ba sabo bane. Tun 1969 gundumar Skamania a jihar Washington ta yi dokar hana kashe Bigfoot, tarar da ta kai dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar, a 1984 aka yi mata gyara aka sassauta hukuncin. Mutane da yawa suna jin dokar su yi dariya, amma cikin dalilan da aka rubuta har da yadda mafarauta ɗauke da makamai suke ta kwararowa yankin suna neman abin, kuma mai bindiga a hannu dake neman wani abu mai tafiya da ƙafa biyu cikin duhu, mutum zai fara samu. Whitehall ɗin da aka yiwa ɗan sandanta dariya itama a 2004 ta yi tata dokar ta kare shi.

Ni a ganina wanda ya ga irin wannan kusa da gidajen mutane ya kira, kuma ba sai ya rantse cewa Bigfoot ne ba, ya faɗi abinda idonsa ya gani kawai, tsayinsa kaza, launinsa kaza, ƙarfe nawa ne, ta ina ya bi. In abin ya riga ya wuce ba gaggawa yawancin ofisoshin 'yan sanda a can suna da wata lambar daban wadda ba 911 ba, ga kuma hukumar kula da namun daji ta jiha wadda ita ke da ma'aikatan da suka san sawun beyar da kashinsa. Ita kuma mai ɗaukar kiran aikinta ta rubuta ta tura, domin in aka yiwa mutum ɗaya dariya a ƙaramin gari kowa sai yaji, kuma maƙwabcinsa da zai ga wani abu a bayan katanga wata mai zuwa, shi kam bindigarsa zai ɗauko ya fita shi kaɗai.