Tsofaffin Kogwannin Dodanni da Masoya Ke Sake Ginawa a Kwamfuta

Gatanan gatananku. Na san akwai wanda ya riga ya amsa a zuciyarsa, ya ce ta zo mu ji ta. Assalamu alaikum masu kallo, daga nan Daura nake gaishe ku. Yau zancen wasan kwamfuta za mu yi, amma sai mun bi ta tabarmar kaka tukuna, don ta nan hanyar ta fi kusa.

Ku tuna daren farin wata, ana zaune a tsakar gida, kaka ta kai Gizo bakin ƙofar gidan Dodo. To a ce a daidai nan ta yi shiru, ta dube ka ta ce: kai ne Gizo, me za ka yi? Ka ce za ka leƙa ta kafar ƙyaure. Ta ce to jefa ɗan lido mu gani. In babbar lamba ta fito, ka leƙa lafiya lau. In ƙarama ce, ƙyaure ya yi ƙara, Dodo ya farka. Haka ake buga wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva, a jihar Wisconsin ta Amurka. Kayan wasan tebur ne da takarda da fensir da 'ya'yan lido, wani mai fuska 4, wani 6, wani 8, wani 12, babbansu mai fuska 20. Mutum ɗaya ne ke riƙe da sirrin labarin, shi zan riƙa kira mai jan labari. Sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, wannan mayaƙi, wancan ɓarawo mai iya buɗe kwado, wani kuma matsafi.

Ba kowane mai jan labari ne ke da lokacin ƙirƙiro duniya tun daga tushe ba. Sai TSR ta shiga buga ƙananan littattafai, kowane da taswirarsa, kowane ɗaki da lambarsa, an rubuta abin da ke ciki. Ku dubi wannan zane mai shuɗi da fari da ke kan allo. Na littafin The Keep on the Borderlands ne, wanda Gygax ya rubuta, ya fito a 1979. Wani ɗan gari ne mai ganuwa a bakin iyaka, can gaba da shi kuma akwai kwazazzabo cike da kogwanni, kowane kogo da irin mugayen halittun da suka mamaye shi. An riƙa saka littafin cikin kwalin 'yan koyo, shi ya sa ɗimbin mutane da shi suka fara. Akwai kuma Tomb of Horrors na 1978, kabarin wani matsafi mai suna Acererak, wanda ya yi suna wajen hallaka jarumai. A ƙarshen zauren farko akwai wata koriyar fuska a jikin bango, bakinta a buɗe, baƙi ƙirin. Duk wanda ya kutsa cikin bakin nan, shi ke nan, ko ƙurarsa ba a ƙara gani. Sai The Village of Hommlet na 1979, wanda cikonsa, The Temple of Elemental Evil, bai fito ba sai 1985.

Yaran da suka buga waɗannan a tebur sun girma, aiki ya raba su, wannan ya koma wani gari, wancan iyali sun yi masa yawa. Haɗa mutum shida a tebur guda na awa huɗu ya zama aiki. Amma kogwannin ba su fita daga ransu ba. Kamfanoni kuwa kaɗan daga cikin littattafan suka mayar wasan kwamfuta. Sai masoya suka naɗe hannun riga.

Ƙofar farko da ta buɗe musu sosai ita ce Unlimited Adventures, wanda kamfanin SSI ya fitar a 1993. Kayan gini ne ya fi zama fiye da wasa. An ba ka injin da aka yi amfani da shi wajen wasanni irin su Pool of Radiance na 1988, aka ce zana taswirarka, ka ajiye dodanninka, ka rubuta abin da za a gani a kowane lungu. Hotunansa ƙanana ne, amma tafiyarsa gida-gida ce, daidai da takardar taswirar da, don haka ɗakin da ke littafi yakan zauna daram a cikinsa. Masoyansa sun kwashe shekaru suna mayar da tsofaffin littattafan ɗaya bayan ɗaya.

Sai 2002, kamfanin BioWare na Kanada ya fito da Neverwinter Nights, haɗe da manhajar gini mai suna Aurora. A nan ne kasuwa ta ci. Mutane suka gina dubban labarai suka ɗora a intanet kyauta, a rumbun da ake kira Neverwinter Vault, cikinsu har da sanannun tsofaffin kogwannin nan, wani ma an yi shi fiye da sau ɗaya, kowane magini da irin fahimtarsa. A 2018 kamfanin Beamdog ya sabunta wasan yadda zai hau kwamfutocin yanzu. Wannan sabon shi ne a tsohuwar kwamfutata.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka kwafi ne kawai, ka dubi littafi ka zuba a kwamfuta. Ina fa!

Fara da awo. A tsohuwar taswira kowane gida ƙafa 10 ne. A Aurora kuwa, kowane falle na ƙasa da za ka shimfiɗa mita 10 ne a kowane gefe, ya ninka wancan fiye da sau uku. Siririn lungun da aka tsara don jarumai su bi a jere suna ɗar-ɗar sai ya koma kamar titi, tsoron ya gudu. Ga kuma sauyin doka. A tsohon tsari, ƙaramar lambar sulke ita ce mai ƙarfi: mai sulken ƙarfe da garkuwa yana da 2, wanda ba ya sanye da komai 9 ko 10. Bugu na uku na dokokin Dungeons & Dragons da ya fito a 2000, wanda Neverwinter Nights ke bi, ya kifar da lissafin, babbar lamba ta zama mai ƙarfi. Kowane dodo sai an sake auna shi. Littafin gari mai ganuwar nan, The Keep on the Borderlands, an tsara shi ne don jarumai 6 zuwa 9, alhali mai wasa shi kaɗai a kwamfuta jarumi ɗaya gare shi da ɗan rakiya. In ka bar yawan abokan gaba yadda yake, ba zai wuce kogon farko ba. In ka rage da yawa, ka cire wa miyar gishiri.

Waɗannan duk lissafi ne, mai haƙuri zai warware su. Inda gizo ke saƙar shi ne giɓin da marubucin ya bari da gangan. Mutanen cikin ganuwar nan, Gygax bai raɗa musu suna ba. Shugaban gari, maƙeri, mai masauki, duk da sana'arsu kawai aka ambace su, don mai jan labari ya cike sauran da bakinsa. Kwamfuta ba ta da baki. Dole magini ya ba maƙerin suna, ya rubuta gaisuwarsa, ya rubuta abin da zai ce in ka taya takobi da arha.

Bari in nuna muku misalin da na fi so. A littafin akwai jerin jita-jita guda 20 da jarumai za su iya ji a gari, wasu gaskiya, wasu ƙarya. Ɗaya daga cikin na ƙaryar ta ce kalmar "Bree-yark" a harshen wasu gajerun halittu da ake kira goblin tana nufin mun miƙa wuya. Alhali kiran gangami ce, su ce wa 'yan'uwansu ku fito ga baƙi. A tebur, mai jan labari zai kwatsa ihun nan, ya dubi fuskar ɗan wasan da ya ji jitar, ya ga ya saki jiki ya mayar da takobi kube, sannan ya ce to ga wasu sun ɓullo ta bayanka. Layi ɗaya ne a littafi. A kwamfuta sai ka ƙirƙiri mutumin da zai faɗi jitar a masauki, ka sa alamar da za ta tuna cewa ɗan wasa ya ji ta, ka rubuta umarnin da zai sa goblin ya yi ihun a daidai lokacin, ka ba ɗan wasa zaɓin sauke makami, ka tsara abin da zai biyo baya. Maginin da ya yi wannan wahala, shi nake cire wa hula. Wanda ya tsallake ta ya zuba dodanni kawai a ɗakuna, taswirar ya kawo mana, labarin ya bar shi a littafi.

Kabarin Acererak ya fi kowane wuyar ɗauka saboda haka. Kusan dukkansa tarko ne da wasa ƙwaƙwalwa. 'Yan tebur sukan riƙe sanda mai ƙafa 10 suna zungurar ƙasa kafin su taka, su ɗaura wa ɗayansu igiya a kugu, su jefa tsakuwa cikin bakin koriyar fuskar su ga ko za ta dawo. A Neverwinter Nights na asali jarumi ko tsalle ba ya yi, balle hawa bango. Duk dabarar da magini bai hango ba, babu ita. BioWare sun san da wannan giɓi, shi ya sa suka saka hanyar da mutum zai shiga wasan ta intanet a matsayin mai jan labari, ba a ganinsa, yana sa kalmomi a bakin maƙeri, yana sako dodo inda ya ga dama.

Wani lokacin ma masoya ne ke ceto aikin kamfani. Troika Games sun fitar da The Temple of Elemental Evil a kwamfuta a 2003, faɗansa bi-da-bi ne kamar na tebur, amma ya fito da kurakurai jingim, kamfanin kuma ya rufe a 2005. Wata ƙungiyar masoya mai suna Circle of Eight ta yi shekaru tana yi masa faci, daga baya ma suka ɗauki injin suka gina labarin ganuwar bakin iyaka a kansa. Ba wanda ya biya su ko sisi. Ba kuma za su iya sayarwa ba, don littattafan mallakar kamfanin Wizards of the Coast ne, wanda ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro ya saye shi a 1999. Har yanzu ana kan aikin: wasan Solasta da wani kamfanin Faransa ya fitar a 2021 ya zo da nasa kayan ginin kogo, masoya kuma suka sake komawa kan tsofaffin taswirorin nan.

Ni da na gama gwada kogon farko na littafin ganuwar, sai na ce me ya kai ni nesa, ga rijiyar Kusugu nan cikin garinmu? Baƙo ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Ga wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ga sarauniya Daurama a fada. Duk abin da labarin kogo ke bukata yana nan. Ga shi kuna gani a allo: wannan gidan Ayana ne, wannan siririyar hanyar ita ke kaiwa bakin rijiya. Sati uku na yi a kansa. Akwai daren da aka ɗauke wuta ban adana ba, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa, zancen Ayana duka ya tafi, na sake rubuta shi washegari.

Da na gama sai na zaunar da ƙanena, ɗan shekara 12, na miƙa masa linzamin. Ya gaisa da tsohuwa, ya ɗauki guga, ya isa bakin rijiya, maciji ya fasa kai. Na ba shi zaɓi biyu, ya sare shi ko ya gudu. Yaron ya tsaya yana kallon allo, bai danna komai ba. Can ya juyo ya ce, "Yaya, ina wurin da zan tambaye shi me ya sa yake hana mutane ruwa?"

Babu wurin. Ban taɓa kawo tambayar a raina ba, ni da na tashi ina jin labarin nan tun ina ƙarami. Da a tabarma ne, kaka ba za ta ko numfasa ba za ta ba macijin amsa. Na ce masa ya ba ni kwana biyu.

Kwana biyun suka zama tara, don da zarar maciji ya buɗe baki, sai ka san abin da zai faɗa, da abin da zai faru in an yarda da shi, da abin da Daurama za ta ce da safe in ba a kawo mata kai ba. Na bar asalin labarin yadda magabata suka ba da shi a matsayin babbar hanya, na rubuta a farkon wasan cewa sauran rassan ƙirƙira ce tawa, don kada wani yaro ya ɗauke su tarihi. Wannan da kuke gani yanzu shi ne zaɓi na uku da na ƙara. Jiya da daddare ƙanen nawa ya sake zama, ya danna shi, ya karanta amsar macijin har ƙarshe, sannan ya ce, "To Yaya, in na ce masa zan haƙa masa tasa rijiyar fa?"