Hancin giyabos: ƙaramar kafar da ruwa ke bi ya shiga mota

Assalamu alaikum. Ku dubi abin da ke cikin wannan robar. In ban faɗa muku ba, sai ku ce shayi ne aka cika masa madara. To man giya ne. Jiya da la'asar muka tsiyaye shi daga wata Hilux, mai motar kuma har rantsuwa ya yi cewa man bai kai wata biyu da zubawa ba. Na yarda da shi. Ruwa ne ya cinye kwalbatin hanyar garinsu, ya zama kullum ta cikin rafi yake bi, safe da yamma. Injin lafiyarsa ƙalau, don ya kashe kuɗi ya sa sinokel, dogon bututun nan da ke hawa ta gefen gilashi don inji ya shaƙi iska daga sama. Amma a ƙarƙashin motar, giyabos yana ta kurɓar ruwa ba wanda ya sani, sai da giya ta fara kuka.

Ga inda ruwan ya bi. Bari in haska muku. Kun ga wannan ɗan ƙarfen mai hula, wanda bai fi kan yatsa ba? In na taɓa hular tana motsi. Mu a gareji birida muke ce masa, amma ni na fi son in kira shi hanci, don aikinsa ke nan, numfashi. Kuma ba ɗaya ba ne a mota. Mota mai jan ƙafa huɗu akwatuna huɗu gare ta da ke ɗauke da man giya: giyabos, akwatin ogzilari mai raba ƙarfi gaba da baya, aksul ɗin gaba, da aksul ɗin baya. Kowanne da nasa hancin.

Me ya sa ƙarfe zai yi numfashi? Ba a cika waɗannan akwatuna da mai har baki. Mai yana ƙasa, sama iska ce. In mota ta yi tafiya, haƙoran giya suna ta juyawa, mai ya yi zafi, iskar da ke sama ta kumbura, dole ta sami mafita. In ba ta samu ba, sai ta tura mai ya fita ta sil, zoben robar nan da ke tare mai. Shi ya sa sau da yawa za a kawo mana mota mai yana jiƙa birkin baya, a canza sil, bayan mako biyu ya dawo. Ashe laka ce ta toshe hancin. Saboda haka wanda ya ba ka shawarar ka ɗaure hancin da leda ko ka cusa masa itace don kar ruwa ya shiga, bai so ka da alheri ba.

Yanzu juya lissafin. Ka taho daga nesa, giyabos ya ɗauki zafi, a ce digiri 90. Ka gangara cikin ruwan da bai wuce digiri 25 ba. Nan take ƙarfe ya huce, iskar ciki ta tsuke. Daga 90 zuwa 25, iska kan rage kusan kashi ɗaya cikin biyar na girmanta. Gurbin da ta bari sai an cike shi, akwatin ya fara zuƙa kamar yaro da tsinken lemo. In hancin yana sama da ruwa, iska zai zuƙa. In ya nutse, ruwan rafi zai zuƙa, da yashinsa da lakarsa.

Wani zai ce, ai hular nan bawul ce, tana rufewa. Gaskiya ne, a motoci da yawa akwai ɗan sifirin da roba a ciki, iska ta fita amma kar komai ya shiga. Sai dai in ta rufe da kyau, zuƙar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan. Sai akwatin ya nemi wata kafa, ya ja ruwan ta sil ɗin aksul ko na farfela, sandar nan mai juyawa da ke kai ƙarfi ga aksul. Sil kuwa an yi shi ne don ya tare mai daga ciki. In kuma bawul ɗin ta tsufa, ƙura ta maƙale mata, to ƙofa ce a buɗe. Ko ta ina dai ruwa ya samu hanya.

Kamfanonin mota suna faɗin zurfin da motarsu za ta iya shiga. Hilux ta yanzu milimita 700, Land Cruiser mai lamba 70 ita ma 700. Ford Ranger 800. Tsohuwar Land Rover Defender, wadda aka daina ƙerawa a 2016, milimita 500 ne, sabuwar kuma 900. Milimita 700 ɗin nan, ga yawancin mutane, ya ɗan haura gwiwa zuwa tsakiyar cinya. Amma fa wannan lissafin sabuwar mota ce, a tafiyar hankali, a ruwan da ke kwance. Hancin aksul ɗin baya, a motoci da dama, yana nan a kan aksul ɗin, bai kai tsayin taya ba. Motar da ta yi shekara goma a hanyar karkara ba za ka ɗora mata alƙawarin takarda ba.

Gyaran ba wani abin wahala ba ne. Hancin za mu tsawaita, mu kai shi inda ruwa ba zai kai ba. Ga kayan a kan tebur: tiyo, mahaɗi mai zare irin na noti da zai shiga gurbin tsohon hancin, 'yan igiyoyin roba na ɗauri, da filta. Akwai kamfanoni irin su ARB na Ostareliya da ke sayar da su a haɗe, da kai guda mai kafa huɗu. In ka samu, madalla. In ba ka samu ba, a kasuwar kayan mota za ka haɗa. Tiyon iska na birkin manyan motoci, mai milimita 6 ko 8, yana yi, tiyon fetur na roba ma yana yi. Abin da ba na so shi ne farin tiyon nan da magina ke awon ruwa da shi. Arha gare shi, amma zafi da mai suna lanƙwasa shi, ya manne, ka koma gidan jiya da hanci a toshe.

Kafin ka kwance komai, wanke wurin. Burushi, ɗan kananzir, tsumma. Ramin nan kai tsaye cikin mai ya faɗa, duk ƙasar da ta zuba ciki ta zama taka. Hancin aksul da ƙaramin sifana yake fita. A Toyota da yawa zarensa 1/8 BSP ne, amma kar ka riƙe lambar kawai, sa tsohon a aljihu ka je da shi kasuwa a gwada. Zaren da ya kusa dacewa shi ke cinye zaren gurbin. Ɗan farin tef a jikin zaren, ka fara ɗaurawa da hannu, sannan sifana, a hankali. Jikin giyabos galibi alminiyom ne, ba ya son ƙarfin tuwo.

Na giyabos shi ne mai ba da ciwon kai, gaskiya. Yana can sama, tsakanin akwatin da ƙasan mota, inda ido ba ya kaiwa sai dai yatsa ya lalubo. A wasu motocin, in ka cire robar da ke gindin sandar giya daga cikin mota, za ka hango shi. A wasu sai ka tokare giyabos da jak, ka sassauta ƙarfen da ke riƙe da shi, ka sauke shi kaɗan. Kuma ba kowanne ke da zare ba. Wani buga shi aka yi, sai dai ka ɓalle hular ka zura tiyo a kan wuyan, ka matse da kilif. Wani kuma za ka tarar kamfani ya riga ya sa masa guntun tiyo da ya tsaya a rabin hanya, sai ka ƙara masa tsawo. Ka laluba tukuna kafin ka sayi kaya.

Jan tiyon shi ne inda ake gane gwani. Ku kula da hannuna. Aksul ɗin baya yana sauka yana hawa, don haka na ɗaga motar ta shasi har tayoyin suka yi lilo, sannan na auna, na bar rara. In ka ɗaure shi cif motar tana zaune, ramin farko zai fizge shi, ka bar rami a buɗe a kan aksul, abin da ya fi na da muni. Daga nan ya bi jikin shasi, nesa da salansa, nesa da farfela, nesa da duk bakin ƙarfe mai kaifi. Kuma kullum yana hawa. In ka bar masa ciki ya zube ƙasa a wani wuri, tururin mai zai taru a nan ya toshe shi.

Ƙarshensa cikin bonet, can sama, jikin bangon da ya raba inji da direba. A nan muke sa filta, don hancin nan buɗe yake ta kowane ɓangare, iska ta shiga ta fita, ƙurar hunturu kuma ba ma son ta. Ƙaramar filtar fetur ta babur ta isa. Bakinta ya kalli ƙasa, saboda ranar wankin inji.

Ana iya haɗa na aksul biyu a layi ɗaya. Amma in motarka otomatik ce, ni ba na haɗa nata da kowa. Manta daban ne, ja ne, ba na son tururin man aksul ya bi tiyo ya same shi. Kuma otomatik ba ta yafe ruwa. Faifan kulocin cikinta manna musu fata aka yi, ruwa yana saki mannin. In ka ga jan man ya koma ruwan hoda mai kauri, kar ka ƙara tuƙa ta ko zuwa bakin titi.

Gwaji mai sauƙi: kwance notin zuba mai na akwatin, ka hura tiyon ta sama. In yaronka da ke ƙasa ya ji iska tana fita, hanya ta buɗe.

Masu tsohuwar Defender, ku akwai ƙarin aiki. A ƙasan gidan kuloci akwai rami da aka bari don mai ya ɗiga, akwai kuma notin da ake toshe shi da shi kafin shiga ruwa. In an fito a cire.

A bakin rafin kuma, tsaya. Minti goma ko sha biyar, ƙarfe ya sha iska, zuƙar ta ragu. Ka shiga da ƙafa da sanda ka ji ƙasan. In ruwan yana neman kayar da kai, motar ma zai ɗauke ta, ba tiyon da zai hana. Ka sa ƙaramar ogzilari, giya ta biyu, tafiya ɗaya ba tsayawa, kar ka taka kuloci a tsakiya.

In ka dawo gida, bar motar ta kwana. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa. Da safe ka fara kwance notin zubawa na sama, don ka tabbatar zai buɗu, sannan ka sassauta na tsiyaya kaɗan, ba duka ba, ka tara roba. In mai ne ya fara ɗigowa, mayar ka ɗaure. In ruwa ne, ko irin wannan shayin, tsiyaye duka ka zuba sabo, bayan 'yan kwanaki ka sake dubawa. Akwatuna huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Wannan Hilux ɗin mun gama na baya da na giya, saura na ogzilari da na gaba. Kai yaro, miƙo min sifana.