Shafin gwamnati ya ce ka danna "na yarda", to ina maɓallin "ban yarda ba"?

Jama'a masu saurarenmu a cikin garin Bauchi, da Azare da Misau da Ningi da Dass da duk inda muryar nan take kaiwa, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wani ɗan akwati ne da yake faɗowa a fuskar waya ko kwamfuta idan mutum ya buɗe shafin gwamnati zai shiga akawun ɗinsa. Ya tare rabin sikirin, rubutu ƙanana ƙanana da Turanci, wai shafin nan yana amfani da kukis, danna nan ka yarda. A wasu shafukan maɓalli ɗaya ne tal, na amincewa. Wasu kuma ko akwatin ma ba su damu su saka ba, kawai suna ɗibar abin da za su ɗiba. In ka yi magana sai a ce maka ai mutum da yatsansa ya danna, wa ya tilasta shi? Wannan amsar ce take ƙona min rai, domin wanda ba a ba shi damar cewa a'a ba, ba za a ce ya yarda ba.

Bari mu fara da kukis ɗin, don kar a ce muna ihu a kan abin da ba mu fahimta ba. Ɗan guntun rubutu ne da shafi yake ajiyewa a cikin burawzar wayarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, don ya gane ka in ka dawo. Akwai wanda dole ne, misali ka saka imel da lambar sirri ka shiga, to akwai kuki ɗin da yake riƙe da shaidar cewa kai ne, shi ya sa in ka tashi daga shafin fom zuwa shafin biyan kuɗi ba a sake tambayarka lambar sirri. Wannan ba mu da rigima da shi, in babu shi ma shigar ba za ta yiwu ba. Amma akwai wasu da ba ruwansu da shigarka, aikinsu su bi sawunka, wane shafi ka buɗe, minti nawa ka yi, wace irin waya ce a hannunka, daga wane gari kake, kuma sau da yawa ba na ma'aikatar ba ne, na wani kamfani ne a ƙasar waje da mai gina shafin ya manna lambobinsa a ciki. Na Google Analytics, wanda shafuka da yawa a duniya suke amfani da shi, in ba a canja saitinsa ba an tsara shi ya zauna har shekara 2. Yanzu don Allah yarinyar da ta shiga neman bashin karatu, ko dattijon da ya shiga duba maganar fanshonsa, me ya haɗa su da wani kamfanin Amurka da har za a haɗa nasa kukis ɗin da na shiga a ɗaure su a maɓalli ɗaya a ce sai ka karɓe su gaba ɗaya?

Kuma a lura, shafin gwamnati ba kanti ba ne. In shafin sayar da takalma ya dame ka da sharuɗɗa, rufewa za ka yi ka tafi wani. To ɗan da zai rubuta JAMB fa, wane shafin zai tafi? Tun 2021 ba ya rajista sai da lambar NIN. Wanda ya gama ATBU ko Kwalejin Tatari Ali zai tafi bautar ƙasa, ko sansanin Wailo aka tura shi ko wata jiha, sai ya bi ta shafi ɗaya. Bashin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, shafi ɗaya. Fasfo, ɗaukar aikin ɗan sanda, na kwastan, na shige da fice, duk haka. Kamar rijiya ɗaya ce a gari, mai tsaronta ya ce ba ka ɗiban ruwa sai ka nuna masa abin da ke aljihunka, in ka nuna ya juya ya ce wa jama'a ai da son ranka ka nuna. Ba ka da wata ƙofa, kuma sun san ba ka da ita.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ma shi ne, mu a nan sau nawa mai bayanan ne yake dannawa da kansa? Je ka Wunti ko Yelwa ko Gwallameji lokacin rajista ka ga layi a ƙofar kafe. Uba ya taho daga Alkaleri ko Ganjuwa da ɗansa, takardu a leda, ya miƙa wa yaron kafe. Yaron kafe ne zai buɗe wa ɗan imel, shi zai zaɓa masa lambar sirri, sau da yawa lambar wayarsa ko shekarar haihuwarsa don kar a manta, akwatin kukis ya faɗo shi zai danna ba tare da ya ɗago kai ba domin mutum ashirin suna jiransa, burawza ta tambaya a ajiye lambar sirrin nan? ya danna eh don aiki ya yi sauri, a yi firintin silif a biya a tafi. Ba wanda ya danna maɓallin fita. Wato kuki ɗin da ke cewa "wannan wane ne" yana nan zaune a kwamfutar, kuma in shafin ba ya korar mutum da kansa bayan 'yan mintuna, wanda ya zauna a kujerar bayansa zai iya tarar da akawun ɗin a buɗe, ga suna ga hoto ga NIN ga lambar waya ga adireshin gida. Ni ban ga laifin yaran kafe ba, neman halal ɗinsu suke, kuma ba don su ba da dubban yaranmu ba su yi rajistar komai ba. Laifin na wanda ya zauna a ofis ya gina shafin kamar kowane ɗan Najeriya yana da laftof ɗinsa shi kaɗai a ɗaki kuma yana jin Turancin lauyoyi. To a irin wannan hali wa ya yarda? Uban da bai ga akwatin ba, ko ɗan da ba a karanta masa ba?

Wani zai ce ai gwamnati ce, dama tana da bayananka, me kake ɓoyewa. Haba malam. Gwamnati ba mutum ɗaya ba ce, akwai ɗan kwangilar da ya gina shafin, akwai kamfanin da ke ajiye bayanan, akwai ejan ejan da aka ba lasisi, kuma ta wajensu abu yake zubewa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito ta ce ta gano shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, har ta ce ta sayi silif ɗin NIN na ministan sadarwa Bosun Tijani a wannan kuɗin. Hukumar NIMC mai bayar da lambar NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. To ko ta ina abin ya fita, ya dai fita, in na minista ya kai kasuwa na ɗan acaɓa a Muda Lawal fa? Kuma duk wanda aka taɓa kira a waya aka faɗa masa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa aka ce daga banki ne ya karanto lambar da aka turo masa, ya san abin da 'yan damfara suke yi da irin waɗannan bayanan. Ba sai kana da abin kunya kake buƙatar sirri ba.

Kuma fa ba alfarma muke roƙo ba, doka ce. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A watan Yunin 2023 shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC da Dakta Vincent Olatunji yake shugabanta. Dokar ta ce yin shiru ba yarda ba ne, ta ce janye yarda ya zama da sauƙi kamar bayar da ita, ta ce a yi wa mutum bayani a fili ta yadda zai fahimta, wa ke karɓar bayanansa, don me, wa za a ba, har zuwa yaushe. In an yi kutse mai haɗari ga mutane, awa 72 aka ba mai riƙe da bayanan ya sanar da hukumar. A 2025 ma hukumar ta fitar da ƙa'idojin aiwatarwa da suka ce in ba kukis ɗin dole ba ne sai an nemi yardar mutum, kuma ya iya ƙi. Eh, na sani, dokar ta bar wa gwamnati hanyar karɓar wasu bayanai ba sai da yarda ba in aikin da doka ta ɗora mata ne, ba wanda zai ce hukumar jarrabawa ta nemi izininka kafin ta rubuta sunanka. Amma wannan uzurin ya tsaya ne a kan abin da aikin yake buƙata, bai kai ga bin sawu da kukis ɗin kamfanin talla ba. In abu dole ne ku ce mana dole ne, ga dalili. In ba dole ba ne ku ba mu maɓallin ƙi. Ku daina kiran dole da sunan yarda.

A watan Agustan 2024 hukumar NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma cikin laifukan da ta lissafa har da amfani da kukis ba bisa ƙa'ida ba, kodayake bankin ya musanta. A 2025 ta ci kamfanin Multichoice mai DStv tarar sama da naira miliyan 766. Madalla. Amma ni ina da shakkar ko za a ɗaga irin wannan sandar a kan ma'aikatu da hukumomi da zafin da aka ɗaga wa kamfanoni, alhali su ne suke riƙe da bayanan da suka fi kowane nauyi, kuma su ne ba za ka iya guje musu ba. Kwastoman banki zai iya rufe akawun ya koma wani bankin. Ɗan ƙasa ba zai rufe NIN ɗinsa ya koma wata gwamnatin ba.

Saboda haka maganata ga masu kula da shafukan nan, na tarayya da na jiharmu, na ɗaukar aiki ne ko na haraji ko na tallafin karatu. Nawa ne kuɗin rubuta layi biyar da Hausa, a ce ga abin da muke ajiyewa a wayarka ga dalili? Muna da masu fassara a gidajen rediyon garin nan da manyan makarantunmu da za su gama shi kafin azahar, lokacin kamfen ai ba a rasa mai fassara alkawari zuwa Hausa da Fulatanci ba. Ku sa maɓallin ƙi kusa da na yarda, girmansu ɗaya, kuma wanda ya ƙi ya iya cike fom ɗinsa ya wuce lafiya. Ku cire kayan bin sawu daga shafin shiga gaba ɗaya, ba wurinsu ba ne. Sannan tunda kun san a kafe ake yawancin aikin nan, ku sa shafin ya fitar da mutum daga akawun da kansa in an bar shi 'yan mintuna, wannan aikin yini ɗaya ne ga mai gina shafi.

Ku kuma iyaye da ɗalibai, kafin su gyara, kar ku tashi daga kujerar kafe sai kun ga an danna fita a gabanku, ku ce a goge hotonku da silif ɗinku daga kwamfutar, in kun koma gida ku canja lambar sirrin a wayarku. Masu kafe ku buɗe wa kowane kwastoma tagar sirri ta burawza, wadda take goge kukis in an rufe ta, ba ta cin ko sisi. Amma kar wani jami'i ya ji na faɗi wannan ya ce shikenan nauyin ya koma kan talaka. 'Yan majalisar dokokinmu na jiha, ku kira masu kula da shafukan ma'aikatun Bauchi ku tambaye su a bainar jama'a, waɗanne kamfanoni ne suke ganin bayanan mutanenmu, a ina ake ajiye su, kuma wane jami'i ne mutumin Darazo ko Toro zai kai wa kuka in ya ga an yi wasa da nasa.