Rubutu mai fuska biyu da ma'aunin zinariya

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da masu sana'ar zane da suka baro shaguna suka zo, sannunku da zuwa.

Kowa ya ɗauki biro ya rubuta AMMA da manyan baƙaƙe. Idan ka je gida, ka nuna wa madubi takardar. Abin da za ka gani AMMA ne, bai sauya ba. Haka ma AYA. Irin wannan rubutu, wanda ake karantawa ta fuska fiye da ɗaya, shi ake kira ambigiram. Wani a madubi yake karantuwa, wani kuma sai an kifa takardar, sama ta koma ƙasa.

Douglas Hofstadter, wani malamin jami'a a Amurka, shi ya yaɗa sunan a farkon shekarun 1980, bayan masu zane John Langdon da Scott Kim sun riga sun duƙufa kan fannin tun shekarun 1970, kowa da kansa. Amma aikin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Marubutan Daular Usmaniyya suna da salon da ake kira musanna, inda ake rubuta kalmar Larabci a dama, inuwarta a hagu, su rungumi juna a tsakiya. Wanda ya shiga babban masallacin Bursa a Turkiyya zai ga irinsa manya-manya a jikin bango.

To yaya ake yin na kifawa? Mu ɗauki sunan Sanusi, baƙaƙe shida. Idan aka juya takarda, na farko zai koma na ƙarshe, na biyu ya koma na biyar. Ke nan S sai ta iya zama i, a ta iya zama s. Na tsakiyar kuwa kyauta ce, domin ƙaramar n idan aka kifa ta u ce. Wahalar tana wajen a da s. A nan mai zane zai buɗe cikin a kaɗan, ya lanƙwasa bayanta, ya juya takarda ya duba, ya goge, ya sake, har siffa ɗaya ta ɗauki aiki biyu. Mu kuma muna da ƙarin nauyi, lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. Ƙugiyar nan ba ado ba ce, ita ke raba ƙafa da kafa, don haka dole a samar mata gurbi ta ɗaya fuskar, ko ta zama wutsiyar y, ko kan wani baƙin.

Yanzu ma'aunin zinariya. Ka ɗauki zare mai tsawon santimita 100, ka yanka a wajen 61.8. Yadda dukan zaren ya fi dogon ɓari, haka dogon ya fi gajeren, wato kusan ninki 1.618. Euclid, masanin lissafi na Girkawan dā, ya bayyana wannan rabo wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Abu Kamil, masanin lissafi na Masar, ya yi aiki da shi a lissafin siffa mai kusurwa biyar da mai goma. A 1509 aka buga littafin Luca Pacioli a kansa, da zane-zanen Leonardo da Vinci. Wanda ba ya son ɗigo-ɗigo sai ya riƙe jerin Fibonacci, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce: 3, 5, 8, 13, 21. Raba 13 da 8, ka sami 1.625, ya yi kusa ƙwarai.

Ina roƙonku, kada ku ɗauki duk abin da ake faɗa a intanet. Ana cewa da wannan ma'auni aka gina Parthenon, tsohon ɗakin bauta na Girka, amma babu wani rubutun maginansa da ya nuna haka, kuma masanin lissafi George Markowsky ya warware irin waɗannan da'awoyi a 1992. Wanda muka tabbata ya yi amfani da shi da gangan shi ne mai tsara gine-gine Le Corbusier, a tsarin awonsa na shekarun 1940.

Ga inda nake so mu tsaya sosai. Abubuwan nan biyu ba su jituwa da sauƙi. Ambigiram raba daidai yake so, cibiyarsa a tsakiya cif. Ma'aunin zinariya kuwa rabo ne mai babba da ƙarami. Duk wanda ya tura cibiyar kalmarsa zuwa 61.8 ya rusa aikin, domin da an juya takarda ɓangarorin ba za su hau kan juna ba.

Saboda haka a tsaye za ku sa ma'aunin zinariya, ba a kwance ba. Ku ja layuka huɗu a takarda mai gida-gida. Ku ba jikin ƙananan baƙaƙe gida 8, wuyan da ke hawa sama gida 5, wutsiyar da ke sauka ƙasa ita ma gida 5. Kun ga d ta zama 13 a kan 8, kuma idan aka kifa ta, p ce mai awo iri ɗaya. Allon da za a ɗora rubutun ma yana iya zama 21 da 13. Idan kuma awon ya sa wani baƙi ya ƙi karantuwa, ku sassauta awon, ku ceci baƙin. Wanda ya sa a yi masa tambarin shago so yake mai wucewa ya karanta sunansa.

In kun gama, ku miƙa wa wanda bai san abin da kuka rubuta ba, ya karanta, ku juya, ya sake karantawa. Kada ku faɗa masa komai. Yanzu za a raba takardu, kowa ya fara da n da u na tsakiyar Sanusi, mu ga abin da zai fito kafin lokacin tambayoyi.