George Crockett: alƙalin da ya kai kotu ofishin 'yan sanda

Daren Asabar, 29 ga Maris 1969, a birnin Detroit na Amurka. An harbe wani ɗan sanda har lahira a kusa da cocin New Bethel, inda wata ƙungiyar baƙar fata ke taro. 'Yan sanda suka kutsa cikin cocin suna harbi, suka kwashe mutum fiye da 140, maza da mata har da yara, suka tsare su ba lauya.

Da sassafe sai ga alƙali George Crockett a ofishin 'yan sandan da kansa. Nan take ya buɗe zaman kotu, aka riƙa kawo masa mutanen, yana tambayar hujjar da ake da ita a kan kowa. Wanda ba hujja a kansa, ya sallame shi. Gari ya ɗauki zafi, 'yan sanda da jaridu suka yi masa ca, wasu na neman a tsige shi. Amma abin da tsarin mulki ya tanada shi ya yi, kuma ya yi shi a ranar da yin sa ke da wuya.

Ya san ɗacin tsarewa, don shi ma ya ɗanɗana. An haife shi a Jacksonville ta jihar Florida a 1909, ya kammala karatun lauya a Jami'ar Michigan a 1934. A 1949 ya tsaya wa shugabannin jam'iyyar kwaminisanci a kotun New York, lokacin da lauyoyi da yawa ke gudun irin wannan shari'a. Alƙali Harold Medina ya ce ya raina kotu, ya yanke masa wata huɗu, Crockett kuma ya yi zaman gidan yarin a 1952. Wannan mutumin ne jama'ar Detroit suka zaɓa alƙali a 1966.

Bayan ya sauka daga kujerar shari'a, a 1980 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta tarayya, yana da shekara 71. Tsufa bai sanyaya shi ba. A 1984 aka kama shi a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington, yana zanga-zangar adawa da wariyar launin fata, kuma shi ya gabatar da ƙudurin neman a saki Nelson Mandela. Ya bar majalisa a Janairun 1991, ya rasu a 1997.