Ɗamarar Van Allen tana yoyo: laccar da Malam ya yi nan Sakkwato

(Na kwafo daga rikodin, na cire gaishe-gaishen farko, sauran kamar yadda ya faɗa ne.)

To jama'a, abin da nake so ku riƙe yau shi ne sama ba fanko ba ce. A 1958 Amurka ta harba tauraron ɗan adam Explorer 1, da na'urar ƙirga ƙwayoyi ta James Van Allen a ciki, nan ne anka gano maganaɗisun duniya ya kama ƙwayoyi masu caji ya ɗaure su kewaye da mu kamar ɗamara. Biyu ne. Ta ciki ta fara daga wajen kilomita 1,000 sama da kanmu, furoton sun fi yawa cikinta, ta waje kuwa ta kai har wajen kilomita 60,000 kuma ilektiron ne. NigComSat-1R, tauraron sadarwa namu da ke zaune kilomita 36,000, to cikin wagga ta waje yake kwana yake tashi.

Ƙwayar da anka kama ba zama take yi ba. Tana murɗawa jikin layin maganaɗisu, tana gudu arewa, inda layukan sunka matse sai ta yi birki ta juyo kudu, can ma ta juyo, wasu cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba sun je sun dawo. Ku lura da wurin juyowan nan don shi ne laccar gaba ɗaya. In ta juyo tun tana can sama, lafiya lau, tana nan cikin ɗamara. Amma in wurin juyowarta ya sauko ƙasa da kilomita 100, inda iska ta fara kauri, to ta yi karo da iska, ta zubar da ƙarfinta, shi ke nan ba ta komawa. Wato randa ce mai yoyo, rana na ƙara mata, tana ɗiga ta ƙasa.

Mi ke sa ta kauce hanya? Igiyoyin rediyo na halitta da ke yawo can sama. Akwai wata da in anka maida ta sauti sai ka ji kamar tsuntsaye da asuba, masana na ce mata koras, ita ce babbar mai tunkuɗo ilektiron musamman in rana ta yi bori. Har walƙiya tana da hannu, eh walƙiyar damina da kuka sani, don wani ɓangare na siginarta yana tsallake iska ya bi layin maganaɗisu ya girgiza su su zubo. Mutum ma ya sa hannu, a Yulin 1962 Amurka ta fasa bam na nukiliya kilomita 400 sama da tekun Fasifik, ta cika wurin da ilektiron har taurarin ɗan adam da dama sunka lalace, ciki har da tauraron sadarwa Telstar.

Yanzu in sun zubo mi suke yi. Masu ƙaramin ƙarfi suna tsayawa wajen kilomita 100, su ne ke kunna aurora, hasken nan mai launi-launi na sararin sama da kunka gani a Facebook lokacin guguwar rana ta Mayun 2024. Masu ƙarfi sosai kuwa sai su nutso har kilomita 50 ko 60, su farfasa naitirojin da tururin ruwa, a samu sinadaran da ke cin ozon, wato iskar da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Na tururin ruwan ba su daɗewa, sa'o'i ne ko 'yan kwanaki. Na naitirojin ɗin ne matsala, don hasken rana ke kashe su, kuma kun san ƙuryar duniya ta arewa ko ta kudu in hunturu ya kama wata da watanni ba a ganin rana, sai su zauna cikin duhu iska na sauko da su sannu sannu har su iso inda ozon yake da yawa, a ga ɓarnarsu bayan an manta da guguwar da ta kawo su. Ni dai wanga ne ya fi ba ni mamaki cikin fannin. Amma don Allah kar wani ya fita nan ya ce Malam ya ce wanga ne ya huda ozon, a'a, wancan aikin sinadaran CFC ne na tsofaffin firij da gwangwanin feshi.

(Nan wani ɗalibi ya tambaya ko shi ke kawo zafin Sakkwato, anka yi dariya.)

Kai ɗana, zafinmu namu ne! Mu muna kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, layukan a kwance suke wucewa bisa kanmu, ba su da hanyar sauko muna da ƙwayoyin. Can kusa da ƙuryoyin arewa da kudu ne layukan ke nutsawa ƙasa, sai kuma kudancin Atlantika wajen Barazil inda maganaɗisun ya yi rauni ɗamarar ciki ta sunkuyo, taurari na wucewa nan na'urorinsu su riƙa rikicewa. Inda abin zai taɓa ka shi ne ta tauraron da ke kawo maka sigina, ko matuƙin jirgin da ya bi ta ƙuryar arewa rediyonsa na gajeren zango ya ɗauke don iskar da ƙwayoyin sunka caja ta shanye siginar.

Akwai wata tambaya? Hajiya daga baya can, a miƙa mata makirfon.

(Nan rikodin ɗin nawa ya tsaya.)